Gindin Badujala: Jagorar Koyar da Tuba da Yufoniyom a Makarantun Kebbi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon fareti a filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, ko na Ranar Yara ta 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba, zai iya tuna bambancin da kunnensa ya ji tsakanin badujalar jami'an tsaro da ta 'yan makaranta. Yaran suna da ganguna, suna da begila, suna da ƙwazo har ya yi yawa, amma sautinsu yakan tashi sama siriri ya watse cikin iska, alhali na manyan yakan daki mutum a ƙirji tun kafin ya iso kunne. Sau da yawa ba gwaninta kaɗai ce ta raba su ba. Abin da ya raba su shi ne waɗansu manyan kayan busa guda biyu da ke can layin baya, waɗanda ba a cika ɗaukar hotonsu ba, wato tuba da ƙanenta yufoniyom. Su ne gindin badujala, kuma na rubuta wannan jagora domin malamin da aka danƙa wa ƙungiyar busa ta makaranta, ya tarar da ɗayansu a sito cikin ƙura, ko kuma yake shirin roƙon a saya masa.

Sunan tuba yakan ba yaranmu dariya a ranar farko, domin wani zai ce Malam ya kira mu mu tuba. A bar su su yi dariyarsu. Kalmar Latin ce mai nufin ƙahon busa, ba ta da dangantaka da tamu.

Sanin kayan kafin a taɓa su

An yi wa tuba rajistar ƙirƙira a birnin Balin na ƙasar Jamus a shekarar 1835, da sunan Wilhelm Wieprecht, wanda ke shugabantar makaɗan soja, da maƙeri Johann Gottfried Moritz. Yufoniyom ya biyo baya a 1843 daga hannun Ferdinand Sommer na garin Weimar, kuma sunansa daga Girkanci yake, ma'anarsa mai daɗin murya. Dukansu ba su yiwu ba sai bayan da aka ƙirƙiro bawul, wato maɓallin da ake dannawa da yatsa a canza sauti, wanda aka yi wa rajista a 1818, domin kafin nan, in ban da 'yan kaɗan, abin busa na ƙarfe iyakacin sautukan da tsawon bututunsa ya ba shi yake iya fitarwa.

Mu nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. Mai busa kakaki a fadar Gwandu ko ta Argungu leɓensa ne ke kaɗawa a bakin ƙarfe, dogon bututun kuma shi ke mayar da kaɗawar sauti, kuma saboda babu bawul 'yan sautuka kaɗan yake da su, da su yake yi wa sarki take. Tuba kakaki ce da aka tsawaita aka naɗe, aka sa mata bawul. Idan aka miƙe bututun yufoniyom zai kai kimanin mita 2.7, na babbar tuba mai sautin B-filat kuwa (sunan sautin da take fitarwa ke nan idan ba a danna bawul ba) kimanin mita 5.5, wato ninki biyu, shi ya sa muryarta take ƙasa da tasa da cikakken zango ɗaya, daga wannan do zuwa do na ƙasa. Akwai matsakaiciyar tuba mai sautin E-filat, tsawonta kusan mita 4, wadda aka fi samu cikin tsofaffin kayan da suka zo daga Ingila. Bututun duka ukun yana faɗaɗa ne sannu a hankali tun daga kusa da baki har zuwa ƙarshe, kuma wannan faɗaɗawa ita ke ba su murya mai kauri da laushi, saɓanin kaifin begila. Akwai kuma bariton, mai tsawo ɗaya da yufoniyom amma siririn bututu, wanda 'yan kasuwa sukan sayar da sunan yufoniyom. Duk abin da zan faɗa game da yatsu ya shafe shi, sai dai muryarsa ba ta kai kauri ba.

Mataki na farko: a duba lafiyar abin busa

Kada a miƙa wa yaro abin busa sai malami ya gwada shi da kansa, domin yaron da ya fara da mai yoyo zai ɗauka shi ne ba ya iyawa, ya bari cikin mako biyu. A fara da bawul: a danna kowanne a sake, ya kamata ya dawo sama da kansa ba tare da tsayawa ba. Sai a zare ƙaramin bututun da ke jikin bawul na ɗaya ba tare da an danna bawul ɗin ba. Idan aka ji ya yi ƙara kamar an cire murfin kwalba, iska ba ta zurarewa, idan kuwa ya fito shiru, bawul ɗin ya cinye ko akwai ɓula a wani wuri. A duba makullin ruwa, wato ɗan ƙarfen da ake dannawa a zubar da ruwan da ya taru, domin sau da yawa toshiyarsa ce ta bushe ta faɗi, kuma gyaranta ba ya wuce ɗan guntun roba da gam. A duba bututun farko, wanda bakin busa, wato ɗan kofin ƙarfen da ake ɗora wa leɓe, ke shiga cikinsa. Lotsewa a babban baki ba ta cika ɓata sauti ba, amma lotsewa a wannan siririn wuri tana ɓatawa, haka nan ɗigo-ɗigon ja masu kama da tsatsa a jikinsa alama ce ƙarfen ya fara ruɓewa daga ciki.

Daga nan a sauke manhajar auna sauti a waya, a busa ba tare da danna komai ba, a ga harafin da za ta nuna. Da haka ake gane ko tubar B-filat ce ko E-filat. Akwai wani tarko a kayan gwanjo: har cikin shekarun 1960 ƙungiyoyin busa na Ingila suna amfani da ma'aunin sauti wanda ya ɗara na yanzu tsayi, saboda haka tsohon abin busa na wancan zamani yana iya kasancewa lafiya ƙalau amma ya ƙi jituwa da sababbi, ko da an ja bututun daidaitawa har ƙarshe. Irin wannan ba a saye, kome arharsa.

Idan sabo za a saya kuma kuɗin bai kai na duka biyu ba, shawarata a fara da yufoniyom. Ya fi sauƙin ɗauka, yana iya riƙe muryar ƙasa na wucin gadi, kuma wanda ya ƙware a kansa yakan koma tuba cikin 'yan makonni tunda yatsun iri ɗaya ne. Ga 'yan ƙaramar sakandare akwai tuba mai rage girma, irin Yamaha YBB-105, kuma ta fi dacewa da su nesa ba kusa ba. Sunaye irin su Yamaha da Besson da Jupiter an san su da ƙarko. Masu ƙyalli marasa suna kuwa, sai an gwada da manhaja a gaban mai kaya kafin a biya.

Mataki na biyu: zaɓen ɗalibi da shawo kan iyaye

Kuskuren da na fi gani, kuma ni ma na yi shi a shekarata ta farko, shi ne a duba aji a nuna yaron da ya fi kowa jiki a ce kai ne mai tuba, ko kuma a tura wanda ya kasa busa begila can baya don kada ya dami mutane. Na ba wani ƙaton yaro tuba a kan wannan lissafi, ya yi zango guda yana busa da ƙarfi kamar mai kiran shanu, amma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa haɗuwa da ganga ba. Wanda ya gaje shi ɗan siriri ne daga Zuru, wanda da ya ga tubar ya ja da baya ya ce, "Malam, wanga abu ai ya fi ni girma." Shi ne ya riƙe mana layin baya shekara uku.

Abin da ake nema kunne ne da riƙon lokaci da haƙuri. Gwajin ba shi da wuya. Malami ya rera sauti ɗaya yaro ya maimaita, ya rera uku a jere yaro ya maimaita, sannan ya tafa wani salo yaro ya mayar. Bayan haka a sa shi ya riƙa tafi daidai wa daida yayin da malami ke magana da wasu, a ga ko zai yi sauri ko zai ja. Wanda ya tsaya daram shi ake so. 'Yan mata suna iyawa kamar maza, musamman yufoniyom, kuma a makarantun mata babu dalilin barin layin baya fanko.

Iyaye kuwa, a je musu tun kafin su ji a bakin wani. A ƙasarmu kiɗa da busa sana'ar gado ce, kuma uban da ya tura ɗansa boko ba ya son ya ji an mayar masa da shi maroƙi. A yi masa bayani cewa wannan darasi ne na makaranta, taken ƙasa da kiɗan fareti ake koyo, ba za a kai yaro gidan biki ba, kuma lokacin atisaye ba zai ci lokacin salla ko na Islamiyya ba. Wasu sukan ji tsoron busa tana jawo ciwon ƙirji ko gwaiwa. Busar da aka koyar daidai ba ta da yunƙuri, amma yaron da aka san yana da asma ko ƙaba a fara kai shi wurin likita, a bi abin da ya ce.

Mataki na uku: zama da riƙo

Ƙa'idar ɗaya ce, abin busa ke zuwa wurin baki, ba baki ke bin abin busa ba. Yaro ya zauna a kujera marar hannu, bayansa a miƙe, tafin ƙafafunsa duka a ƙasa. Idan bakin busa ya tsaya a goshinsa, a ɗora gindin tubar a kan kujerar tsakanin cinyoyinsa, shi kuma a sa masa matashi ya ƙara tsayi. Idan ya tsaya a haɓarsa, a naɗe tsohon bargo a ɗora tubar a kai. Yufoniyom rungumarsa ake yi da hannun hagu a jingina shi da jiki, dama kuma a bar ta sakayau domin bawul, yatsa manuni a na ɗaya, na tsakiya a na biyu, mai bi masa a na uku, duka a ɗan lanƙwashe kamar an riƙe lemo.

Mataki na huɗu: iska

A nan ya kamata malami ya daɗe, kuma a nan yawanci ake gaggawa. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Shikago a Amurka daga 1944 zuwa 1988, ya gina koyarwarsa a kan abu biyu, waƙar da ke cikin kai da iskar da ke ɗaukar ta. Ban ga abin da ya fi wannan amfani ga ɗan koyo ba. Begila tana son iska kaɗan mai matsi, tuba kuwa tana son iska mai yawa marar matsi, irin wadda mutum ke hura wa madubi idan zai goge shi, ba irin wadda yake hura wa garwashi ba. Yaron da ya taso daga begila sai an sake masa wannan tunani gaba ɗaya.

A fara ba tare da abin busa ba. Yaro ya buɗe baki kamar zai ce "ho", ya shaƙi iska ta baki cikin ƙirga huɗu, ya sake ta cikin ƙirga huɗu, ba tare da ya riƙe ta a tsakani ba. Shaƙar da ta yi daidai ba ta da ƙara, kuma kafaɗu ba sa tsalle zuwa kunne. Ya ɗora hannu a gefen haƙarƙarinsa ya ji suna buɗewa. Idan wannan ya zauna, a rage lokacin shaƙa a ƙara na fitarwa: shaƙa biyu fitarwa shida, sannan shaƙa ɗaya fitarwa takwas, domin a cikin kiɗan fareti bugu ɗaya tak mai tuba yake samu ya cika huhunsa. Wani atisayen da yara ke so shi ne a manna takarda a bango da iskar baki kawai daga tazarar taƙi ɗaya, a ga wanda zai fi daɗewa ba ta faɗo ba.

Jiri zai ɗebi kusan kowa a makon farko. Wannan ba ciwo ba ne, yawan shaƙa da fitarwa ne da jiki bai saba da shi ba, kuma yana wucewa idan aka huta minti ɗaya. Saboda haka a zaune ake yin wannan atisaye, ba a tsaye ba, kuma ba a cikin rana ba. Minti uku zuwa biyar a farkon kowane zama ya isa, amma kada a taɓa tsallake shi.

Dole a ja kunnen yara game da algaita. Sun saba ganin mai algaita ya kumbura kumatu yana ajiye iska a cikinsu yana shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, sai su ɗauka haka ake kowace busa. Wannan gwaninta ce ta gaske, amma ta algaita ce, wadda ke da beli a bakinta. A tuba da yufoniyom kumatu ba sa kumbura, domin idan suka kumbura gefen leɓe ya saki, sautin kuma ya rasa mariƙa.

Mataki na biyar: leɓe da sautin farko

A zare bakin busa, wato ɗan kofin ƙarfen nan, a ba yaro shi kaɗai. Ya haɗa leɓensa kamar zai ce "m", haƙoransa na sama da na ƙasa a rabe yadda kan ƙaramin yatsa zai iya shiga, gefen bakinsa biyu a ɗaure, tsakiya kuma a sake. Sai ya hura har leɓen su kaɗa, kamar yadda doki ke furzar da iska bayan sukuwa. Kofin ya zauna a tsakiyar baki, rabi a leɓen sama rabi a na ƙasa ko kuwa ya ɗan fi yawa a sama, kuma kada a danna shi da ƙarfi. Idan aka ga jan zobe ya kwanta a leɓe bayan minti biyu, dannawa ta yi yawa. Ya yi ta ɗaga sautin yana saukar da shi kamar jiniya, har ya gane cewa saurin iska da ɗaurin leɓe ke canza shi.

Bayan kwana biyu ko uku a mayar da kofin jikin abin busa, a murɗa shi kaɗan kawai, kada a buga shi da tafin hannu. Ba tare da danna bawul ba, sauti ɗaya daga cikin biyu zai fito, ko do na ƙasa ko so da ke samansa. Duk wanda ya fito a karɓa, a sa yaro ya riƙe shi tsawon ƙirga huɗu, ya huta huɗu, ya sake. Malami ya rera sautin kafin yaro ya busa, yaron ma ya rera, domin wanda bai ji sauti a kansa ba ba zai same shi a ƙarfe ba. Sautin da ya fito a shaƙe yana nuna haƙora a rufe suke, wanda ya fito da huci kuma yana nuna leɓen sun buɗe da yawa.

Harshe shi ne na ƙarshe. Kowane sauti ana fara shi da "to", kan harshe ya taɓa bayan haƙoran sama ya sauka da sauri, iska kuma ba ta tsayawa. Kada a tsayar da sauti da harshe, a tsayar da shi da shaƙar sabuwar iska.

Mataki na shida: yatsu da karatun rubutu

Kowane bawul idan aka danna shi yana buɗe wa iska ƙarin hanya, bututun ya ƙara tsawo, sautin ya sauka. Na biyu yana saukar da rabin taki, na ɗaya taki guda, wato tazarar da ke tsakanin re da do, na uku taki ɗaya da rabi. Tunda yawancin yaranmu da solfa suka saba, ga jerin yadda yake daga do na ƙasa: do babu dannawa, re na ɗaya da na uku, mi na ɗaya da na biyu, fa na ɗaya, so babu dannawa, la na ɗaya da na biyu, ti na biyu, do na sama babu dannawa. Wannan jeri ɗaya ne a yufoniyom da bariton da tuba. Abin lura shi ne do ɗin yufoniyom da babbar tuba B-filat ne, do ɗin matsakaiciyar tuba kuwa E-filat ne, saboda haka idan aka zaunar da su tare aka ce kowa ya busa do, ba abu ɗaya za a ji ba.

Kada a ba da takwas ɗin a rana ɗaya. A fara daga so a sauko, fa, mi, re, do, a yi mako biyu ko uku a kan waɗannan biyar, ana haɗa su cikin gajerun waƙoƙin da yara suka riga suka sani tun firamare. La da ti su zo bayan nan.

Malami zai lura cewa re kullum yana ɗan fin inda ya kamata tsayi, kuma ba laifin yaro ba ne. An auna tsawon hanyar kowane bawul ne bisa tsawon ainihin bututun, na ɗaya yana ƙara kimanin kashi 12 cikin ɗari, na uku kimanin kashi 19. Idan aka haɗa su an sami 31, alhali sautin da ake nema yana buƙatar fiye da 33, wanda a yufoniyom ya kai giɓin kusan santimita 6. A abin busa mai bawul uku magani shi ne a ɗan jawo bututun bawul na uku waje, yaro kuma ya sassauta leɓe. A mai bawul huɗu sai a danna na huɗun shi kaɗai a madadin ɗaya da uku. David Blaikley na kamfanin Boosey a Landan ya yi rajistar wata dabara a 1878 wadda ke ƙara tsawon da kanta, ita ce ke cikin manyan yufoniyom masu tsada har yau, amma makaranta ba ta buƙatar wannan.

Batun rubutu yana rikita malamai da yawa. A tsarin ƙungiyoyin busa na Ingila, wanda tsofaffin takardun da ke yawo a hannunmu suka bi, ana rubuta wa yufoniyom da tuba da alamar G a farkon layin rubutun kiɗa, kamar ta masu ƙananan kayan busa, ta yadda duk inda aka ga C babu dannawa, ko wane irin abin busa ne a hannu. A sauran tsare-tsare kuwa da alamar F ake rubuta musu, kuma ainihin sautin da zai fito ake rubutawa. Na farkon ya fi sauƙi ga makarantar da ke musanya yara tsakanin kayan busa, na biyun shi ne yaro zai tarar idan ya ci gaba da karatun kiɗa. Ni da na farkon nake farawa, in shigo da na biyun a shekara ta biyu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ba yaro takardar wani tsari yana karanta ta da wani, saboda haka a duba alamar da ke farkon layi kafin a raba takardu.

Mataki na bakwai: shigar da su cikin badujala

Bayan kamar mako shida a zaunar da mai tuba kusa da mai babbar ganga, su biyu kawai, a kunna musu manhajar ƙirga bugu a hankali, a riƙa ƙarawa har su kai kimanin taku 120 a minti, wanda shi ne saurin tafiyar fareti. Aikin tuba a yawancin kiɗan fareti do da so ne, ƙafar hagu da ta dama, kuma dole sautinta ya faɗo tare da sandar ganga. Saboda tsawon bututunta takan ɗan makara wajen amsawa, don haka a koya wa yaro ya shaƙi iska tun bugu ɗaya kafin lokacinsa, kada ya jira ya ji wasu sun fara. Yufoniyom yana da 'yanci fiye da haka, wani lokaci ya bi ainihin waƙar daga ƙasa, wani lokaci ya yi tasa waƙar da ke amsa ta, shi ya sa ake ba shi yaron da ya fi iya rera waƙa.

Wajen daidaita sauti daga ƙasa ake farawa: tuba ta riƙe sautinta, yufoniyom ya hau kai, sannan sauran. Zafi yana ɗaga sautin kayan busa, sanyi yana saukar da shi, don haka daidaitawar da aka yi da sanyin safiyar hunturu ba za ta yi aiki da hantsi ba, balle a watan Afrilu da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Idan sautin ya hau a jawo babban bututun daidaitawa waje, idan ya sauka a tura shi ciki. Tun da aka dawo da tsohon taken ƙasa a ranar 29 ga Mayu 2024, shi ne abu na farko da ya kamata layin baya ya haddace, kuma da yake a hankali ake busa shi, yana tona asirin duk wanda iskarsa ba ta isa ba. Ga tafiya kuwa a ɗinka wa tuba maɗauri mai faɗi a wurin baduku. Makarantar da ke da hali ta nemi susafon, tubar da ake ratayawa a kafaɗa, wadda aka ƙera a Amurka cikin shekarun 1890.

A watan azumi leɓe kan bushe ya tsage, jiri kuma ya fi saurin zuwa. Nakan dakatar da busa a lokacin, mu koma rera solfa da danna bawul ba tare da iska ba, da karatun rubutu da wankin kaya.

Mataki na takwas: kula da kaya a ƙasar ƙura

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar bawul, domin idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar yashin goge ƙarfe. A lokacin hunturu a goge bawul da tsumma mai laushi a sa masa mai kowace rana, a sauran lokuta sau biyu ko uku a mako. A ciro su ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne yana da lambarsa da gurbinsa, kuma akwai ɗan haƙori a jikinsa da dole ya faɗa cikin tsagarsa. Idan aka mayar aka ji iska ta toshe, an juya shi ne ko an musanya. Man bawul na musamman ake amfani da shi. Man gyaɗa da man ja da baƙin man inji duk suna daskarewa su kama bawul, kuma na taɓa kwana biyu ina wanke yufoniyom da wani mai kyakkyawar niyya ya shafa wa man gyaɗa. Bututun da ake ja kuwa ana iya shafa musu ɗan man basilin idan babu nasu.

Yara su kurkure baki kafin busa, musamman bayan rake ko alawa ko zoɓo, domin zaƙin yana taruwa a ciki ya ruɓar da ƙarfe. Ruwan da ke fitowa ta makulli yawancinsa tururin numfashi ne da ya huce, a zubar da shi bayan kowane zama. Idan yara biyu ke amfani da abin busa ɗaya, kowa ya sami nasa bakin busa, in ba hali a wanke da sabulu tsakanin mutum da mutum. Sau ɗaya a zango a kwance kayan a jiƙa su a babban baho da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwano, ban da ruwan zafi, wanda ke ɓare fentin ƙyallin, kuma a cire 'yan ƙyallayen da ke saman bawul kada su jiƙe.

Idan bakin busa ya maƙale, kada a kusance shi da filaya, domin bututun farko ne zai murɗe ya ɓalle. A ɗan bubbuga gefen mahaɗar da guntun itace a hankali, a sa tsumma mai sanyi a kan kofin, in ya ƙi a bar shi sai an sami mai na'urar cirewa. Kada a kai abin busa wurin mai walda, da dalma aka haɗa gaɓoɓinsa, wutar walda za ta narkar da na kusa. Idan ƙaramar tokara ce ta saki, mai gyaran lagireto da ya iya aikin dalma zai iya mayar da ita a gaban malami da wuta kaɗan, amma ko shi kada ya taɓa gidan bawul.

Kada a bar kaya a rana ko a cikin mota a rufe, kuma kada a kafa tuba a kan babban bakinta inda yara ke gilmawa. Idan za a kai su filin fareti a a-daidaita-sahu, a naɗe su da bargo, wani ya riƙe. Kafin a tafi dogon hutu a wanke su, a bushe, a sa mai, a ajiye su a kan kanta nesa da ƙasa saboda damshin damina da gara, sannan a toshe babban bakin da tsumma a ɗaure, domin tubar farko da na gada sai da na ciro gidan zanzaro guda uku daga cikinta kafin ta yarda ta yi magana.